Ɗana, Leƙa Gidan Batir Tukuna

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ka shigo gaishe ni da jakar kwamfutarka a kafaɗa. Ina daga ciki na ji kana faɗa wa ƙanenka a zaure cewa linzaminka ya mutu, gobe za ka shiga kasuwa ka sayo wani. Ban tanka ba, saboda akwai baƙi. Da kuka watse na tarar ka bar shi a gefen tabarma, sai na ɗauka, na zare murfin cikinsa, na haska da tocilar waya. Abin da na gani shi ne abin da na fi shekara talatin ina gani a cikin rediyoyi da tociloli da agogunan bango da mutane ke kawo mini: wani farin gari ya daskare a kan sifirin, shi kuma sifirin ya kwanta. Linzaminka lafiyarsa ƙalau. Yana nan cikin durowata, yana aiki. Na ga ya kamata in rubuta maka yadda aka yi, domin ba kullum nake kusa ba, kuma na san abokanka da yawa sun jefar da irinsa a kan ciwon da bai kai ya kawo ba.

Ku kuna ce masa maus, wasu su ce ɓeran kwamfuta. Sunan ɓera ya samo asali ne daga wayar da ke bin bayansa kamar wutsiya. Wanda Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a a birnin San Francisco na Amurka a shekarar 1968, da wutsiyarsa yake, kuma ta cikin waya irin wannan ne linzamai suka daɗe suna cin abincinsu daga jikin kwamfuta. Da aka yanke wutsiyar, sai ya zama dole linzami ya riƙa yawo da guzurinsa a ciki, wato batir. To duk wutar da zai rayu da ita ta wurare biyu kawai take wucewa, inda kan batir ya taɓa ƙarfe da inda gindinsa ya zauna a kan sifirin. Kowane ɗayansu bai kai faɗin ƙwayar wake ba. Ka kuma tuna cewa ƙarfin batir bolt 1.5 ne kacal. Wutar bango mai bolt 230 tana iya ratsa ɗan datti ta wuce ba ta ko lura ba, amma wutar batir ba ta da wannan ƙarfin. Maiƙon yatsa da ya haɗu da ƙura, ko ɗan dusashewa a fuskar ƙarfe da idonka ba zai gani ba sai da haske, ya isa ya tare mata hanya.

Ciwon mahaɗa yana da alamunsa, kuma kukan kurciya jawabi ne. Batirin da ya ƙare yakan yi sanyi ne a hankali, idan ya mutu kuma ya mutu ke nan, ko ka girgiza shi ba zai tashi ba. Shi kuwa linzamin da batirinsa bai zauna daidai ba, yanzu yana aiki, anjima ya ɗauke. Ka ɗaga shi ka dire a kan tebur, kibiya ta tsaya cak. Ka ɗan bubbuga shi a tafin hannu, ta dawo. Ka buɗe murfi ka murza batirin da babban yatsa a inda yake kwance, sai ka ga ya farfaɗo na kwana ɗaya ko biyu. Wannan murzawar da ke tashinsa ita ce babbar shaida, domin ba ta ƙara wa batir wuta ko kaɗan. Abin da ta yi kawai shi ne ta kankare dattin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Duk da haka kada ka yanke hukunci da alama ɗaya. Maigidana da ya koya mini gyaran rediyo, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Yakan ce idan ka canza abu uku rediyo ta tashi, ba ka san wanne ne ya tashe ta ba, gobe in ta sake kwanciya kana nan inda kake. Saboda haka fara da batirin kansa. Sa shi a rimot ko ƙaramar tocila ka gani, ko ka ɗauko wanda ka tabbatar yana aiki ka sa wa linzamin. In kana da mita, sabon batir yakan nuna bolt 1.5 zuwa 1.6, wanda ya sauko kusa da 1.1 kuwa ya kusa gama aikinsa. Mai caji shi dama 1.2 ne ƙa'idarsa, kada ka ga haka ka ce ya lalace. Daga nan ka duba ɗan mitsitsin risibar da ake soka wa kwamfuta, ka canza mata kafa. Yawancin waɗannan linzamai a zangon gigahaz 2.4 suke magana da kwamfuta, kuma tun a 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa kafofin USB 3.0 da na'urorin da aka jona musu suna fitar da hayaniya a wannan zangon. Idan risibar tana maƙwabtaka da filashi ko hard disk a irin wannan kafa, wadda galibi cikinta shuɗi ne, kibiya na iya yin tsalle-tsalle alhali batir ba shi da laifi. Ka hure idon linzamin da ke ƙasa, musamman da hunturu, domin gashi guda ko ƙura na rikita shi, ka kuma gwada shi a kan takarda in teburinka gilashi ne. Abu ɗaya da ke ruɗin yara shi ne rashin ganin jan haske a ƙasa. Linzamai da yawa na yanzu haskensu ido ba ya ganinsa, don haka duhu a wurin ba shaidar mutuwa ba ne.

In duk waɗannan sun wanke kansu, sai a koma gidan batir, kuma a nan nake so ka zauna da ni sosai.

Kafin ka goge komai, ɗauki batirin da ka ciro ka karanta jikinsa. Akwai wasu ƙananan haruffa da mutane ba sa kulawa da su. A kan mai girman AA za ka ga LR6 ko R6 ko HR6, a kan siririn nan AAA kuma LR03 ko R03 ko HR03. Mai L a gaba shi ne alkalin. Mai R zalla shi ne tsohon samfurin nan na kabon da zink, wanda ya fi araha, jikan batirin da Bafaranshe Georges Leclanché ya ƙirƙiro a 1866. Mai H shi ne mai caji. Dalilin da ya sa nake so ka san wannan shi ne, abin da kowannensu ke zubarwa idan ya yi yoyo daban ne, maganinsu ma daban.

Batirin alkalin idan ya tsufa, ko aka bar shi a cikin na'ura bayan ya ƙare, iskar haidirojin takan taru a cikinsa har ta fasa marufin da ke gindinsa. Shi ya sa sifirin ne ya fi shan wahala, don shi ke zaune a bakin ƙofar. Ruwan da ke fitowa fotasiyam haidiroksayid ne, ɗan'uwan sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita, mai cin fata. Idan ya sha iska sai ya rikiɗe ya zama farin garin da na gani a linzaminka, wanda shi ne sinadarin da ke cikin ruwan toka. Kakarka ta san wannan ilimin tun kafin a haife ni, ko da yake ba da waɗannan sunaye ba. Idan yakuwa ta yi tsami da yawa a miya, 'yar kanwa ake jefawa ta kashe tsamin, in kuma kanwa ta yi yawa, tsami ne ke karya ta. Haka abin yake a nan. Yoyon alkalin dangin kanwa da toka ne, don haka maganinsa tsami, wato ruwan khal ko ruwan lemun tsami. Shi kuwa batirin kabon, gwangwaninsa na zink ne ke cinyewa yana aiki har ya huje, abin da ke tsattsafowa daga ciki kuma yana da tsami-tsami, yakan bar danshi mai danƙo da tsatsa ja. Maganinsa ɗan bekin soda da aka dama da ɗigon ruwa. Kada ka ce kanwa za ka jiƙa a madadinsa, domin kanwar kasuwa tana tafe da gishiri da ƙasa, gishiri kuwa abokin tsatsa ne.

Ga yadda na yi da naka. Na shimfiɗa tsohuwar jarida, na sa tabarau, na rufe hannuna da leda tunda ba ni da safar hannu a kusa. Kada ka raina wannan, ɗana. Garin nan in ya faɗa ido yana iya yi masa mummunar illa, in hakan ta faru a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, a nufi asibiti. Kada kuma ka hure shi da baki. Na kife linzamin, bakin gidan batir yana kallon ƙasa, na karkaɗe busasshen garin da tsohon buroshin haƙori yadda zai zubo a kan jarida, ba cikin linzamin ba. Sannan na tsoma tsinken audugar nan na goge kunne a ruwan lemun tsami, na matse shi har ya zama danshi kawai, na riƙa dangwala wa sifirin. Za ka ga yana 'yar kumfa, har ka ji ƙaramin sauti, alamar tsami yana cin garin ke nan. Na canza auduga sau huɗu ko biyar har kumfar ta daina. Ban tsiyaya komai a ciki ba, domin bayan wannan bangon roba akwai allon lantarki, ɗigo ɗaya in ya gangara can ya zama sabon ciwo. Bayan haka na bi wurin da auduga mai ɗan ruwa don a ɗauke ragowar tsamin, tunda shi ma in ya kwana a kan ƙarfe zai ci shi, na kuma bi da sifirit, wanda ke kwashe maiƙo ya bushe da wuri. Na ajiye shi a buɗe a inuwa, inda iska ke kaɗawa, tun daga la'asar har bayan isha'i. Gaggawar mayar da batir cikin danshi ita ke sa a maimaita aikin bayan wata guda.

Wani lokaci babu yoyo ko kaɗan, ƙarfen ne kawai ya dushe. Wannan magogin fensir ya ishe shi, a murza a hankali har ya yi ƙyalli, a goge da sifirit, a kuma goge kan batirin da gindinsa da ƙyalle mai tsabta. Ina jan kunnenka game da wuƙa da reza da sanfefa mai kaushi. Ƙarafan nan baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da siririn nikel don ya tsare su daga tsatsa. Ina yaro a shago na taɓa kankare mahaɗar wata rediyo da bakin wuƙa har ta yi fes, mai ita ya tafi yana sa mini albarka. Damina na faɗuwa ya dawo da ita, wurin ya yi jawur, sifirin ya karye a hannuna. Na cire rigar da ke kare ƙarfen ne ban sani ba, kuma har yau ina tuna fuskar dattijon nan, don da rediyon yake jin labarai kowace safiya. In tsatsa ta riga ta kama, dole a kankare, amma da sanfefa mafi laushi, a tsaya da zarar ƙarfe ya bayyana, sannan a shafa ɗan basilin kaɗan, kamar ba a shafa ba, don ya tare danshi.

Sai maganar sifirin da ya kwanta. Aikinsa shi ne ya tura batir gaba ya manne da ɗaya ƙarfen, in ya gaji sai batir ya riƙa wasa a ɗakinsa. Girgiza linzamin kusa da kunnenka, in ka ji ƙwas-ƙwas to akwai sarari. Sa hantsaki ko bakin ƙaramin sukudireba tsakanin zagayen sifirin, ka ja shi waje kaɗan, milimita ɗaya ko biyu, kana danne gindinsa da yatsa don kada ya tumɓuke. Ka gwada, in bai isa ba ka ƙara. Wanda ya ja da ƙarfi sau ɗaya yakan tashi da sifirin a hannu, garin neman gira a rasa ido. Idan ƙarfen falle ne mai lanƙwasa, ɗago shi za ka yi kaɗan, shi ma sau ɗaya, domin ƙarfen da ake lanƙwasawa gaba da baya karyewa yake yi.

Ka duba ɓangaren kai kuma. A na'urori da yawa ƙarfen wajen yana ɗan nutse tsakanin kafaɗun roba biyu. Da gangan aka yi haka, don in mutum ya juya batir, gindinsa mai faɗi ba zai taɓa ƙarfen ba. Matsalar ita ce batura ba su zama daidai wa daida. AA tsawonsa wajen milimita 50 ne, kaurinsa wajen 14, amma akwai ɗan bambanci tsakanin kamfani da kamfani, wasu masu caji sun fi kauri, wasu kuma ɗan tsinin kansu gajere ne. Irin wannan zai shiga ɗaki lafiya, ga wuta cike da shi, amma kansa bai kai ga ƙarfe ba. Kafin ka zargi linzami, gwada batirin wani kamfani.

Na san dabarar da za a ba ka a waje: a nannaɗe takardar azurfa, irin ta cikin kwalin sigari ko foyil na kicin, a cusa a cike gurbin. Mu ma mun yi a zamanin rediyo, kuma tana aiki. In dare ya yi maka kana da aikin da za ka miƙa da safe, ɗan ƙaramin ninki a tsakanin sifirin da gindin batir zai fitar da kai. Amma ka cire shi washegari. Foyil yana marmashewa, ɓarɓashinsa na iya faɗawa kan allon lantarki. Kuma a batirin alkalin, gwangwanin jikinsa duka wutar kai ce ke cikinsa, siririyar ledar da aka naɗe shi da ita ce kaɗai ta rufe shi. In ledar ta yage a wajen gindi, foyil ya haɗa gindin da gwangwanin, batir zai yi zafi har ya narka roba. Saboda wannan dalilin ne ma nake cewa duk batirin da rigarsa ta yage a ajiye shi gefe. Cizon batir da shanya shi a rana kuwa, waɗanda na ga har yanzu yara na yi, ka bar su gaba ɗaya. Ɗan ƙarfin da ake samu na mintoci ne, abin da ake saya da shi kuma fasasshen batir ne, wani lokaci a cikin baki. Akwai kuma wani batir mai caji na litiyam da ake rubuta wa 14500. Girmansa ɗaya da AA, zai zauna daram a gidan, amma bolt 3.7 ne, ya ninka abin da linzaminka ke ci fiye da sau biyu. Yana iya ƙona shi nan take, wannan kuwa ba ta gyaruwa da lemun tsami.

Idan ka yi duk wannan bai tashi ba, saura ciki. Kunna makunnin da ke ƙasa ka kashe sau goma ko fiye, domin shi ma mahaɗa ce, ƙura na shiga. In za ka buɗe, sukurorin sukan ɓuya a ƙarƙashin 'yan takalman santsin nan na ƙasa, ko bayan takardar da aka liƙa, ko cikin gidan batir. Ɗaga takalman a hankali don za ka mayar da su. Bi ƙarfen batir da ido har inda ya haɗu da allo. Sau da yawa za ka tarar siririyar waya ta saki, ko dalmar wurin ta tsage saboda faɗuwa, ko yoyon ya bi ƙarfe ya gangara ya mai da tagulla kore. Waya da dalma aikin minti biyar ne ga duk mai gyaran waya a bakin titi, in ba ka da ƙarfen dalma. Allon da yoyo ya cinye hanyoyinsa kuwa, a nan ni ma nake sallamawa. Sai in cire sifirin da sukurori in adana a gwangwani, don watarana za su ceci wani.

Wataƙila ka ce, Baffa, nawa linzamin yake da za a yi masa wannan hidima? Na san kuɗinsa ba zai karya ka ba. Amma rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba sai ka je nesa ba, leƙa kwatar unguwarku ka ga caja da rimot da tocila nawa ke kwance a ciki. Ina da yaƙinin da yawansu ciwon linzaminka ne ya kai su can. Abin yana damuna, domin kuɗin iyaye ne da gumin wani, kuma a cikin ƙasar da muke shuka da ruwan da dabbobinmu ke sha suke ruɓewa.

Abin da ya jawo naka, na tambayi ƙanenka, ya ce tun hutun da ya wuce linzamin ke cikin jaka da batirinsa, jakar kuma takan wuni a mota. Zafin motar da aka rufe a rana, a watan Afrilu, yana gaggauta yoyo ƙwarai. In za ka yi sati biyu ko fiye ba ka taɓa shi ba, zare batirin ka ajiye daban, a wurin da ba zai haɗu da makullai ko tsabar kuɗi ba. In jaka za ka sa shi, kashe makunnin, don kowane motsi tashinsa yake yi yana shan wuta. Batirin da ya ƙare kada ya kwana a ciki. In linzami mai cin biyu ne, kada ka haɗa sabo da tsoho, ko alkalin da kabon, domin mai ƙarfin yakan matsa wa mai raunin har ya fashe. Wajen saye ka duba kwanan watan da aka buga a jiki, ka kuma auna a tafin hannu: alkalin na gaske mai girman AA yana da nauyin giram 23 ko kusa da haka, wanda ka ji shi sakayau alhali an rubuta masa alkalin, ka mayar wa mai shi. Matattun kuma kada a jefa su a wuta, fashewa suke yi, kada a bar su inda yara masu rarrafe za su kai baki. Ni ina tara nawa a tsohuwar robar man shafawa mai murfi, a saman kabad.

Ka zo ranar Asabar da hantsi ka karɓi kayanka. Ka biya wajen mahaifiyarka ka taho da rimot ɗinta, ta ce mini kwana biyun nan sai ta bubbuga shi a hannun kujera yake canza tasha. Na ajiye lemun tsami guda da sauran auduga. Kai za ka buɗe shi, ni ina gefe ina kallo.